Tambayoyi da Amsoshi: Zaɓen Tok Konbata ga A-kori-kurar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Mai mota yakan kashe kuɗi a kan kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji), turbo, injekta da saitin kwamfuta, sannan ya bar konbatar da motar ta zo da ita daga kamfani. Daga baya sai ya rasa dalilin da ya sa motar ke nauyin tashi, ko man giya ke ƙauri. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi, tare da amsoshinsu.

Wane aiki tok konbata ke yi a mota?

Ita ce ke tsakanin inji da giyar otomatik, a gurbin da kuloci yake a mota mai giyar hannu. Rufaffen ƙoƙon ƙarfe ne cike da man giya. Idan ka kafa fanka biyu suna fuskantar juna ka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake a ciki, sai dai mai ne a madadin iska. Fankar farko tana manne da jikin ƙoƙon, inji ke juya ta, tana watsa mai. Ta biyu, wadda ake kira tabain, ita ke karɓar man ta juya sandar da ke shiga giya. A tsakiyarsu akwai ƙaramar ta uku, siteta, wadda ke karkato man da ya dawo daga tabain ta mayar da shi ya taimaka wa fankar farko. Wannan karkatarwar ce ke ninka ƙarfin murɗi a lokacin tashi, yawanci daga 1.8 zuwa 2.5 na abin da inji ya bayar. Da mota ta ɗauki gudu, ninkin yakan ragu har ya ɓace.

Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya yi rajistar dabarar a 1905, don jiragen ruwa. Buick ta saka ta a motar hawa a 1948 da giyarta ta Dynaflow. Abu na huɗu da ke cikin konbatar zamani shi ne kulocin kulle, wanda ke haɗe inji da giya kai tsaye idan an miƙe hanya, don mai ya daina zamewa. Packard ta yi shi a 1949, amma sai a ƙarshen shekarun 1970, da tsadar mai ta matsa wa kamfanonin Amurka, ya zama ruwan dare.

Na ƙara wa inji ƙarfi. Dole ne in canza konbata?

Ba kullum ba. Idan salansa da matatar iska kawai ka canza, da ɗan saiti mara yawa, ta kamfani za ta ɗauka. Abubuwa biyu ne ke tilasta canji. Na farko, idan gyaran ya matsar da wurin da inji ke ba da ƙarfinsa, kamar yadda babban kamshaf ko babbar turbo ke yi. Na biyu, idan ƙarfin ya wuce abin da kulocin kulle zai iya riƙewa, wanda shi ne ciwon motocin dizal.

Mene ne sitol, kuma me ya sa lambar da ke jikin kwali ba ta cika daidai ba?

Sitol shi ne iyakar zagayen da inji zai iya kaiwa a minti ɗaya idan an take totur har ƙasa alhali tabain a tsaye take cak. Konbata mai sitol 2,000 tana barin inji ya hau zuwa 2,000 rpm (wato zagaye a minti ɗaya) kafin ta riƙe shi, mai 3,200 kuwa ta fi sake masa mara.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lambar ba ta konbata ce ita kaɗai ba. Sakamako ne na kokawa tsakanin ƙarfin inji da turjiyar mai. Injiniyoyi suna da wani adadi da suke kira K: a raba zagayen sitol da tushen murabba'in ƙarfin murɗi. Ɗauki konbatar da ta tsaya a 2,000 rpm bayan injin da ke ba da 400 lb-ft (ma'aunin ƙarfin murɗi ke nan). Tushen 400 shi ne 20, saboda haka K ɗinta 100 ne. Ɗaura wannan konbatar dai bayan inji mai 625 lb-ft, sai ta tsaya a 2,500. Bayan mai 900 lb-ft kuwa, 3,000. Ba a taɓa komai a cikinta ba, amma sitol ya tashi da dubu guda. Shi ya sa masu ƙera ta na kirki ke rubuta tazara, misali 2,800 zuwa 3,200, kuma shi ya sa konbatar da ta yi wa abokinka daidai za ta iya ba ka kunya.

Akwai kuma hanyoyin aunawa guda biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya ita ce a danne birki, a taka totur, a duba inda allura ta tsaya kafin tayoyin baya su kuɓuce. Wannan yakan nuna lamba ƙasa da ta gaskiya, don sau da yawa birki ke gazawa kafin konbata ta kai iyakarta. Ɗayar ita ce a taka totur gaba ɗaya daga tsaye ko daga tafiyar kunkuru, a ga inda allura ta yi tsalle ta dire kafin mota ta fara ja sosai. Wannan ta biyun ta fi gaya maka yadda motar za ta kasance a hanya, kuma nauyin mota da giyar aksul suna shafarta. Idan mai sayarwa ya faɗi lamba, tambaye shi wacce yake nufi.

To yaya zan san sitol ɗin da ya dace da injina na fetur?

Ka fara da inda injin ke ba da ƙarfinsa, ba da lambar da ta yi maka daɗin ji ba. Idan an hau da motar kan na'urar auna ƙarfi, takardar da ta fito ta fi kowace shawara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sa sitol ya faɗo kamar 500 zuwa 700 rpm ƙasa da inda ƙarfin murɗi ya kai ƙololuwa, idan gudun tsere ake nufi. Motar yau da kullum kuwa a sassauto ƙasa da haka.

Babban kamshaf yana kwashe ƙarfi daga ƙasa ya kai shi sama. Idan ka bar masa konbatar kamfani mai sitol ƙasa da 2,000, za ka ga alamun tun a danjar farko: kana tsaye a giya mota na tura birki, silo na rawa, inji na neman mutuwa, idan aka ba ku hannu kuma ta tashi a kasalance sai allura ta wuce 2,500 sannan ta farka. Masu ƙera kamshaf sukan rubuta mafi ƙarancin sitol ɗin da kowane kam ke buƙata a takardarsa. Ka karanta wannan layin tun kafin ka sayi kam ɗin, don a gaskiya su biyun tare ya kamata a zaɓe su.

Sufacaja, na'urar da inji ke juyawa don ta tura masa ƙarin iska, iri biyu ce a wannan batu. Mai dunƙulallun sukurori da ke zama a saman inji tana ba da iska tun daga ƙasa, don haka ba ta son sitol mai tsawo, tayoyi kawai za ta yi ta ƙonawa. Mai kama da katantanwa kuwa, wadda bel ke juyawa, iskarta na ƙaruwa ne da zagayen inji, ita tana jin daɗin sitol mai tsawo. Babbar turbo ma haka, tana son a bar inji ya hau don hayaƙi ya isa juya ta. Wanda ke fesa naitros, wato gas ɗin da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi, ya tuna da lissafin K: ƙarfin da zai shigo farat ɗaya zai ɗaga sitol da kansa, don haka a zaɓi mai ɗan tsauri.

Tudu ma yana da tasiri. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa sama, kuma sitol yana sauka tare da shi.

Dizal fa? Ƙa'idar ɗaya ce?

Tushen ɗaya ne, amma lambobin sun sha bamban ƙwarai. Injin Cummins 6.7 mai babban ƙarfi da Ram ta fitar a 2019 yana ba da 1,000 lb-ft a 1,800 rpm kacal. Injin da ƙarfinsa ke ƙasa haka, kuma ba ya wuce dubu uku da 'yan kai, idan ka ba shi sitol mai tsawo ka tsallake mafi kyawun abin da yake da shi. Saboda haka mai turbo ta kamfani da ya yi saiti don jan kaya yakan nemi sitol daidai da na kamfani ko ma ɗan ƙasa, don ƙarfin da ya ƙara ya riga ya sassauta konbatar.

Wanda ya ɗaura babbar turbo guda ɗaya labarinsa daban ne. Da konbata mai tsauri, injin zai maƙale ƙasa da inda turbo ke farkawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, zafin hayaƙi ya hau, mota kuma ba ta tafiya. Ƙarin 200 zuwa 400 rpm a sitol yakan canza motar gaba ɗaya. Mai turbo biyu, ƙarama da babba a jere, yawanci ba ya buƙatar wannan ƙarin, don ƙaramar ta ɗauke masa nauyin tashi.

Idan na sa mai sitol 3,000, motar ba za ta motsa ba sai allura ta kai 3,000?

A'a. Da ka saki birki za ta gangara kamar kullum, illa dai za ka ji tana buƙatar ɗan ƙarin totur kafin ta ja. Ana ganin 3,000 ɗin ne kawai idan an take har ƙasa. Yawan wannan laushi a cikin gari ya dogara da ingancin ƙira, kuma a nan ne konbata mai kyau ke bambanta da ta banza ko da lambarsu ɗaya.

Ina jan tirela da motar. Me zan kula da shi?

Zafi, kafin komai. Duk zamewar da ke tsakanin fankar farko da tabain, ƙarfin da ya ɓace a wurin zafi yake komawa, kuma man giya ne ke kwashe shi. Mai yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya daɗe sama da 120 yakan fara ƙonewa, robobin sil su ƙandare, faifan kuloci su yi santsi. Mota mai nauyi da ke hawa tudu da tirela, kulocin kulle a sake, konbata mai sitol 3,200 na ta dama mai, cikin 'yan mintuna za ta kai wannan zafin.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: idan motar tana jan kaya da gaske, kada sitol ya wuce na kamfani da fiye da 'yan ɗaruruwa, kuma a zaɓi kamshaf ɗin da zai yarda da haka. Mota ɗaya ba za ta zama zakarar filin tsere ranar hutu kuma ta ja tan huɗu cikin kwanciyar hankali washegari ba, dole ɗaya ya rage wa ɗaya. Kowane sitol ka zaɓa, ka ƙara wa man giya lagireto na musamman a gaban mota, ka kuma sa agogon da ke nuna zafinsa inda idonka ke gani.

Manyan tayoyi da giyar aksul suna da hannu a ciki?

Sosai. Babbar taya tana ƙara wa inji nauyin ja, ta kuma sauko da zagayensa a kan babbar hanya. Lissafin shi ne: gudu a mil, sau giyar aksul, sau giyar ƙarshe, sau 336, a raba da tsayin taya a inci. Mota mai giyar 4L60E ta kamfanin GM, wadda giyarta ta huɗu 0.70 ce, da aksul 3.73, tana gudun mil 65 a awa, wato kusan kilomita 105, a kan taya inci 31 za ta zauna a wajen 1,840 rpm. A sa mata inci 35, ta sauko kusan 1,630. Idan sitol ɗinka 3,000 ne, duk lokacin da kulle ya saki a wannan gudun konbata na zamewa ne. Tsofaffin giyoyi irin TH400 da ba su da kulocin kulle sam, a nan ƙa'idar ta fi tsanani: sitol ya kasance ƙasa da zagayen da kake tafiya da shi a hanya.

Sau da yawa wanda ya sa taya inci 35 ko 37 yana kukan nauyin tashi, maganinsa giyar aksul ce, 4.56 ko 4.88, ba konbata ba.

Giyar farko ma abin dubawa ce. Ta 4L80E 2.48 ce, ta 4L60E 3.06, ta 6L80 4.03, ta 10R80 ta Ford kuwa kusan 4.70. Sababbin giyoyi masu hawa takwas da goma suna tashi da sauƙi, suna kuma kulle konbata da wuri, don haka ba su buƙatar sitol mai tsawo kamar masu hawa huɗu.

Faifai ɗaya ko uku?

Ana maganar faifan kulocin kulle ne. Yawancin tsofaffin konbatocin kamfani faifai ɗaya gare su, an yi shi ne don tafiyar miƙaƙƙiyar hanya da ɗan totur. Idan dizal mai saiti ya kulle a 1,700 rpm ya antayo ƙarfinsa duka, faifan yakan zame. Za ka ji mota na karkarwa kamar ta hau kan tsakuwa, ko ka ga allura na hawa gudu bai ƙaru ba. Garin faifan da ya goge kuwa yana bin mai ya shiga ko'ina a cikin giya. Faifai uku suna ninka fuskar riƙo, shi ya sa suka zama abin da ake sa wa motocin Cummins masu giyar 48RE da 68RFE, da Duramax masu Allison 1000, da Power Stroke masu 5R110 idan an ƙara musu ƙarfi sosai.

Sai dai riƙon da ba ya zamewa yana tura dukan zuwa abu na gaba. Sandar da ke shiga giya ita ce ta farkon karyewa, musamman a 47RE da 48RE, sai faifan da ke haɗa kurankishaf da konbata. Wanda zai sa faifai uku a mota mai ƙarfi ya yi kasafin sanda mai ƙarfi da faifan haɗi mai shaidar SFI, ƙungiyar da ke tantance ƙarfin kayan motocin tsere, tun da farko. Motar fetur da ba a kulle ta a cikakken totur, faifai ɗaya mai faɗi da inganci ya wadatar.

Waɗanne abubuwa na ciki ne suka cancanci a biya?

Murfin gaba da aka sassaƙo daga dunƙulen ƙarfe guda, wanda ake kira bilet, ba ya lanƙwasa kamar na gwangwanin da aka buga, don haka kuloci yana samun shimfiɗaɗɗiyar fuska. Fikafikan ciki kuwa a wasu konbatocin lanƙwasa kunnensu kawai ake yi a maƙala, a masu kyau ana bi da su cikin tanderu a like su da narkakken ƙarfe. Sai boris mai allurai a madadin zoben roba, da ƙaƙƙarfan makullin siteta, da farantin da ke hana ƙoƙon kumbura. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga mai turbo ko naitros, don konbatar da ta kumbura tana tura kurankishaf gaba ta cinye boris ɗin da ke tare shi, matsalar giya ta koma matsalar inji.

Ka yi hattara da mai arha da aka samu sitol ɗinta ta hanyar lanƙwasa fikafikan ta kamfani. Lambar za ta fito, amma zamewa ba ta ƙarewa ko a sama.

Ƙaramar konbata ta fi babba?

Ƙarama, mai inci 9.5 ko 10, ta fi saurin ba da sitol mai tsawo ba tare da an ɓata ƙirarta ba, kuma ba ta da nauyi. Babba tana da wurin babban kuloci da mai da yawa, ita ce ta jan kaya. Wajen dacewa kuwa a duba da kyau: 4L60E tana da mai milimita 298 da mai 300 ta injinan LS na GM, kuma sandunansu ba ɗaya ba ne.

Sai an sake saitin kwamfuta?

A motar zamani, kusan kullum. Kwamfuta ce ke yanke lokacin kullewa da matsin man da za a kulle da shi. Giyoyi da yawa suna barin kuloci ya ɗan zame da gangan don laushin tafiya, kuma ba kowane faifan kasuwa ke jure wannan ba, musamman masu faifai uku. Lokutan canjin giya ma sukan rikice, domin inji yana riga gudun mota hawa. A motocin GM, babban kam da konbata mara nauyi sukan sa kwamfuta ta ɗauka inji na tsallake wuta, sai ta hana kullewa. Idan lambar P0741 ta fito, kuloci ne bai kulle yadda aka umarce shi ba, a bincika kafin a ci gaba da tafiya.

Me zan gaya wa mai ƙerawa?

Nauyin motar na gaskiya da kayan da ke cikinta, girman inji, takardar kamshaf, irin turbo ko sufacaja da yawan iskar da take bayarwa, sunan giya da shekararta, giyar aksul, tsayin taya, nauyin tirela idan akwai, da irin aikin da motar ke yi a yawancin kwanaki. Kada ka ƙara gishiri a ƙarfin injin. Idan ka ce 700 alhali 500 ne, za a ƙera maka mai tsauri, motar ta yi nauyi. Idan kana da niyyar ƙara wani abu nan gaba kaɗan, faɗa masa yanzu. Ka kuma tambaya ko suna sake daidaita sitol bayan an gwada, domin wasu kamfanonin suna yanka ta su canza siteta su sake likewa.

Wane kuskure aka fi yi wajen ɗaurawa?

Rashin zaunar da ita har ƙarshe. A zuba mata kamar lita ɗaya ta man giya, a shafa mai a wuyanta, a zura ta a kan sandar giya ana juyawa ana turawa. Za ta faɗa ciki hawa-hawa: haƙoran sanda, haƙoran mazaunin siteta, sannan kunnuwan famfon mai. Na ƙarshen ne ake yawan tsallakewa. Idan giya ta ƙi haɗuwa da inji da hannu, kada bakanike ya ja ta da ƙarfin noti, famfon ne zai fashe. Bayan an haɗa, konbata ta riƙa juyawa da hannu, kuma a sami tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifan haɗi kafin a jawo ta a ɗaure.

Idan tsohuwar ta lalace ne, a wanke bututun mai da lagiretonsa, ko a canza shi, in ba haka ba garin ƙarfen da ya maƙale zai dawo cikin sabuwar. Man kuma a sa wanda giyar ke buƙata: Dexron VI ga yawancin na GM, ATF+4 ga 68RFE, Mercon ULV ga 10R80.

Yaya zan gane ko na dace bayan an ɗaura?

Ka bari mai ya yi ɗumi, ka sami fili mara mutane, ka taka daga tsaye ka ga inda allura ta dire. Idan za ka gwada da birki, kada ya wuce daƙiƙa biyar, sannan ka mayar da giya firi ka bar mai ya huce kafin ka sake. Da na'urar karanta kwamfuta za ka iya ganin zagayen inji da na tabain gefe da gefe. A kulle, bambancin ya kamata ya zama kusan babu. A cikakken totur, kulle a sake, kusa da ƙarshen giya, konbata mai kyau ba ta cika wuce kashi 10 cikin ɗari na zamewa ba. Idan mota na tura birki tana kasala a ƙasa, konbatar ta yi tsauri. Idan inji na ihu gudu bai biyo baya ba, zafin mai kuma na hawa a tafiyar gari, ta yi laushi. Ka adana abin da na'urar ta rubuta ka aika wa mai ƙerawa, da shi zai san wace siteta zai canza.